Yadda Cin Rani Ya Zama Zaman Dindindin a Sekondi



In ka tambayi yaron zango yadda kakanninsa suka zo ƙasar nan, amsa biyu ya sani, ko fataucin goro ko aikin soja. Duka biyu kuwa gaskiya ne. Fatake sun daɗe suna zuwa Gwanja tun kafin Turawa su hau ƙasa, kuma da yaƙin basasa ya watsa Salaga cikin 1892 sai suka bazu zuwa Kete Karachi da Kumasi da Ankara. Soja kuma tun zamanin Gulba, wanda ya zo da Hausawansa yaƙin Tonawa cikin 1873 da 1874. Amma akwai hanya ta uku wadda ba a cika ba da labarinta ba, watau ta waɗanda suka gangaro bakin teku suka shiga aikin ƙarfe a ma'aikatar reluwe ta Sekondi. Labarinsu ne za mu ɗan taɓa yau, don a ganina su ne suka fi nuna yadda baƙo ke zama ɗan gari ba tare da ya yi niyya ba.

Cikin 1898 aka fara shimfiɗa dogo daga Sekondi. Abin da Turawa ke nufi shi ne zinariyar Tarkwa, don a lokacin nan kowane ƙarfen injin haƙa sai an ɗauke shi a ka, ko an gangara da shi cikin ganga ta tsakiyar kurmi. Daga Sekondi zuwa Tarkwa mil 40 ne ko ƙasa da haka kaɗan, amma sai cikin 1901 jirgi ya isa. Shekara uku ke nan a kan tafiyar da mutum mai ƙarfi zai yi cikin kwana biyu. Kurmi ya hana, ma'aikata sun yi wuya har sai da aka riƙa ɗebo su daga Ikko, yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 ya tsai da abubuwa da yawa, ga kuma ruwan sama, wanda kan wanke cikon ƙasar da aka yi wata guda ana yi cikin dare ɗaya. Dogo ya kai Obuasi cikin 1902, ya kai Kumasi cikin 1903, mil 168 daga teku.

To, jirgin ƙasa ba jaki ba ne da za a ba shi dusa ya tashi. Kan jirgi yana da tukunya mai son wanki da faci, yana da ƙafafun da ke cinyewa, yana da ɗaruruwan ƙusoshi da notina. Ingila kuwa tana da nisa, ba a jiran jirgin ruwa saboda ƙusa ɗaya. Saboda haka aka kafa babbar ma'aikata a Sekondi, wadda aka sani da sunan Lokeshan, inda akwai wurin zubi, da maƙera, da injunan da ke juya ƙarfe ana fere shi kamar yadda ake fere rake, da kafintocin tarago.

Abin lura a nan shi ne, wannan dogo shi ya karya tsohuwar hanyar fatake. Da jirgi ya isa Kano cikin 1911, sai goro ya daina bin ayarin jakuna watanni ta Borgu da Yawuri. Aka koma ɗora shi a tarago zuwa bakin teku, jirgin ruwa ya kai shi Ikko, wani jirgin ƙasa ya kai shi Kano. Madugu ya rasa ayari, amma yaransa ba su rasa hanya ba. Hanyar da goro ke bi ya hau, ita suka biyo suka sauko.

Kada mu ruɗi kanmu game da matsayin da suka shiga. Manyan gwanayen ma'aikatar nan, watau fitoci da masu fere ƙarfe da direbobin jirgi, yawancinsu Fanti ne waɗanda suka yi makarantar Mishan, suna iya karanta zane da awo. Mutanen zango ta ƙofar ƙasa suka shiga: lebura, mai zuba kwal, mai goge inji, mai gadi, mai riƙe wa maƙeri guduma. Kuma da ake cewa Hausa a bakin mutanen kudu, ba Bakano da Bakatsine kaɗai ake nufi ba. Har da Zabarmawa da Mosawa da Dagombawa da Kotokoli, duk wanda ya sa riga ya yi salla ya yi ciniki da Hausa.

Wanda ya fi shan mamaki a cikinsu shi ne ɗan gidan maƙera. Ga mutum ya gāji zugazugi da masaba da uwar maƙera, ya san launin ƙarfe in ya nuna, ya san lokacin da za a tsoma shi a ruwa. A gida yakan ƙera garma da ido, in ta ɗan fi 'yar'uwarta faɗi ba wanda zai yi ƙara. A nan kuwa sai aka nuna masa inci an raba shi kashi dubu, aka ce in ƙarfe ya wuce awo da kaurin gashi ba zai shiga gurbinsa ba. Hannu yana da gwaninta, amma takarda ce ke ba da muƙami, shi kuwa karatunsa na allo ne da ajami, waɗanda ba a lissafa su karatu a ofis. Wannan rashin adalci ne, ko da yake a lokacin ba a kiransa haka. Waɗanda suka daure suka koyi lambobin Turawa da magagari da ma'auni, su ne suka sa 'ya'yansu koyon aiki tun suna yara.

Amma ƙarfe bai ba su wahala kamar ruwa ba. A Kano shekara kashi biyu ce bayyananna. Damina ta faɗi wajen watan Mayu ko Yuni, ta yi marka cikin Agusta, ta ɗauke wajen Oktoba, sa'an nan a yi wata bakwai ba ɗigo. A yammacin ƙasar nan kuwa damina biyu ce. Ta fari takan kama tun Maris ko Afrilu, ta yi tsanani cikin Yuni. Ta biyu takan zo wajen Oktoba da Nuwamba. Aksim, wadda ba ta da nisa da mu, takan sami kimanin inci 80 na ruwa a shekara, abin da Kano ke samu bai kai rabin wannan ba. Sekondi ba ta kai Aksim ba, amma wanda aka tura gyaran dogo wajen Tarkwa ya san abin da ake nufi da kurmi. Wani abin dariya ma, watan Agusta da ake marka a gida, shi ne watan da ruwa ke ɗan tsagaitawa a bakin teku, gari ya yi sanyi da lumshi. Sai lissafin mutum ya rikice, ya duba sama ta ƙi gaya masa watan da ake ciki.

A nan ne fa zancen yake. Al'adar mutanenmu ita ce cin rani. In an gama girbi an cika rumbu, saurayi ya ɗauki sandarsa ya tafi neman kuɗi, da ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas ya san gona na kiransa, ya juya gida. Ruwan fari shi ne sammacinsa. To, ga shi ya zo ƙasar da hadari ke haɗuwa kusan kullum, kuma ya kama aikin da bai san rani da damina ba. Jiniyar ma'aikata takan yi kuka da safe ko ana ruwa ko ba a yi. Albashi ƙarshen wata ne, wanda ya tafi noma kuwa in ya dawo sai ya tarar heluma ya sa wani a gurbinsa, ya koma layin masu jira a bakin ƙofa. Sai mutum ya ce bari in ƙara shekara ɗaya, ya aika wa ƙanensa kuɗi a yi masa gayya. Baɗi ma haka. Shekara ta uku ya aika a kawo masa matarsa, ko kuwa ya yi aure nan. An ce baƙo raɓa ne, amma raɓar da ta sauka a ƙasar da rana ba ta cika fitowa ba takan daɗe ba ta bushe ba.

Da zama ya tabbata sai aka shiga koyon zama da laima. Ginin soro na tubali da azara, wanda ke shekara da shekaru a Kano in ana yaɓe, a nan ba ya jure damina biyu. Dole aka koma jinkar kwano, aka ɗaga dandamalin ɗaki, aka haƙa lambatu a bakin ƙofa. Kayan fata, takalmi da jaka da layu, sai a wayi gari sun yi fumfuna kore. Malamai sun fi kowa kuka, don gafakar Alƙur'ani fata ce, takarda kuma na shan laima ta manne, tawada ta bazu. Aka koyi ajiye littattafai cikin akwatin ƙarfe, ranar da rana ta fito kuma a baza su tare da tabarmi da katifa. A ma'aikata kuwa iskar teku mai gishiri ta haɗu da laima, ƙarfen da aka fere da yamma yana walƙiya, in ba a shafe shi da mai ba, da safe ya yi ja. Aikin farko da ake ba ɗan koyo shi ne tsumma da giris, kuma a kan wannan ya fi shan faɗa.

Abinci ma ya sauya. Gero da dawa ba sa yi a kurmi, wanda aka kawo daga arewa kuma ba ya ajiyuwa. Kilishi ba ya bushewa yadda ake so. Doki da jaki ba sa daɗewa saboda tsando, shanu sai dai a koro su daga arewa don yanka. Matanmu suka koma tuƙa tuwo da masara da garin rogo, maza suka saba da dokunu da kifi. Amma ba karɓa kaɗai muka yi ba. Shinkafa da wake da matan zango ke sayarwa ita ce yau ƙasar nan duka ke kira waakye, haka tuwon zafi da koko da ƙosai. Ma'aikacin da zai shiga aiki da sassafe cikin ruwa, ko Bafante ne ko Bahaushe, wurin mai koko yake fara tsayawa.

Har ibada ta ga bambanci. Hukuncin haɗa Magariba da Lisha a masallaci daren da ake ruwa, wanda ɗalibi ke karantawa a littattafan Malikiyya, a nan ya zama abin da liman ke yi sau da yawa a shekara. Sallar roƙon ruwa kuwa yaro na iya girma bai taɓa ganin an fita ba. Sauro ne dai bai san hutu ba, kuma zazzaɓi ya ɗauki yara da yawa a shekarun farko.

Gwamna Guggisberg ya fara ginin tashar jiragen ruwa ta Takoradi cikin 1921, aka buɗe ta cikin 1928, aiki ya ƙaru, baƙi suka ƙaru. Sa'an nan Yaƙin Duniya na Biyu ya zo da wani abin al'ajabi. Da hanyar Bahar Rum ta yi haɗari, sai Ingilishi suka riƙa kawo jiragen sama na yaƙi cikin manyan akwatuna zuwa Takoradi, a harhaɗa su nan, su tashi. Rukunin farko ya tashi cikin Satumba 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 fiye da jirage 5,000 sun bi wannan hanya zuwa Masar. Ina suke sauka? Ikko, sa'an nan Kano, sa'an nan Maiduguri, su wuce Sudan zuwa Alƙahira. Ku duba fa, mutum yana tsaye a Takoradi, shekara goma bai ga ganuwar Kano ba, jirgin da aka fasa akwatinsa a gabansa zai kwana can jibi.

Ma'aikatan reluwe na Sekondi ba su da sanyi wajen neman hakkinsu. Su ne ƙashin bayan babban yajin aikin Janairu 1950, kuma cikin jagororinsu akwai Pobee Biney, direban jirgi. Cikin Satumba 1961 suka sake ajiye aiki, wannan karo a kan Gwamnatin Nkrumah da suka taimaka wa hawa, saboda dokar da ta ce a riƙa cire sule guda cikin kowane fam na albashin wanda ke samun fiye da fam 120 a shekara, wai ajiyar dole. Kwana 17 aka yi, matan kasuwa suna ciyar da masu yaji. Leburan da ya zo da niyyar wata biyar, ga shi yanzu cikin rigimar kasafin kuɗin ƙasa, don abin ya shafi tukunyar gidansa da ta maƙwabcinsa.

Gwajin da ya fi kowane zafi ya zo ran 18 ga Nuwamba 1969, sa'ad da Gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa. Zangunan ƙasar nan suka girgiza. Mutanen da suka yi shekara talatin ko arba'in a nan suka sayar da kwanon rufi da keken ɗinki a kan kuɗi kaɗan suka hau mota. Cikinsu har da samarin da aka haifa a Sekondi, waɗanda suka isa garin kakanninsu a tsakiyar hunturu, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, suna tambaya yaushe za a yi ruwa, ana ce musu sai bayan wata biyar.

Waɗanda suka rage sun ga reluwe ta yi ta ja da baya tun daga shekarun 1970, manyan motoci suka ƙwace mata kaya, ciyawa ta rufe dogo a wurare da yawa. Sana'ar dai ta fita daga Lokeshan ta shiga gari. Da yawa cikin jikokinsu suna Kokompe a Takoradi da Suame a Kumasi, suna walda da fere ƙarfe da gyaran injin mota, ƙarƙashin rumfar kwano.

Wassalam.