Haƙarƙarin Adamu da Wuƙar Besaliyus

Kusan kowace shekara, in muka kai sura ta biyu ta Littafin Farawa da sababbin ɗalibai, mukan yi tambaya guda: tsakanin namiji da mace, wa ya fi yawan ƙashin haƙarƙari? Ba a rasa masu cewa mace ce, tun da an cire wa Adamu ɗaya. Wasunmu ma mun taɓa faɗin haka a wa'azin ɗaurin aure, mata suka yi guɗa, muka sauko muna jin mun burge. Amma a cikin taron akwai nas, akwai ɗan sakandare da ya zana kwarangwal a aji, sun kuma san ba haka ba ne. Ba za su yi mana gardama ba, don ladabi. Za su dai koma gida suna tunanin ko sauran abin da fasto ya faɗa ma haka yake.

Kuskuren ya tsufa, hanyar da aka bi aka gyara shi kuwa doguwa ce.

A ƙarni na uku kafin haihuwar Almasihu, wani likita Baheleni mai suna Hirofilus ya feɗe gawawwakin mutane a Iskandariya ta Masar. Bayan zamaninsa aka daina, sai bayan shekaru sama da dubu ɗaya da ɗari biyar. Mu da muke gaggauta binne mamaci, muke kuma jin nauyin a taɓa gawa ko don a gano abin da ya kashe shi, ba za mu yi mamaki ba. Wanda ya cike gurbin shi ne Galen, wanda Larabawa suke kira Jalinus. An haife shi wajen shekara ta 129 a Burgamas, garin nan da yake cikin ikkilisiyoyi bakwai na Wahayin Yahaya. Ya yi jinyar 'yan dagar da ake sa su faɗa da takobi don nishaɗin jama'a, ya leƙa cikin raunukansu, amma fiɗarsa a kan birai da aladu da shanu ya yi ta. Ya zama kamar wanda ya koyi jikin mutum a mahauta. Ya ce muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne, ƙashin ƙirji gaɓa bakwai, kuma akwai wata ragar jijiyoyin jini a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Ragar nan tana nan a kan tunkiya da sa, amma babu ita a kan ɗan Adam.

Littattafansa suka yi mulki a makarantun likitanci. A Bagadaza, a ƙarni na tara, Hunainu ɗan Ishaƙ, Kirista na ikkilisiyar Gabas, ya fassara da yawa daga cikinsu zuwa Suriyanci da Larabci. A ƙarni na sha uku Ibnun Nafis, likita Musulmi a Alƙahira, ya ƙi yarda da Galen cewa jini yana ratsa bangon tsakiyar zuciya ta wasu ƙananan ƙofofi, ya ce ta huhu yake bi. Gaskiya ya faɗa, amma Turai ba ta ji shi ba a lokacin.

Sau da yawa za ku ji an ce ikkilisiya ce ta haramta fiɗar gawa. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Dokar da Paparoma Bonifas na 8 ya fitar a 1299 ta hana wata al'ada ce ta manyan mutane, wato a daddatsa gawar wanda ya mutu a nesa, a dafa, a kai ƙasusuwan gida. Ba da daɗewa ba, a Bolonya ta Italiya, Mondino yana fiɗar gawa a gaban ɗalibai, ya kuma rubuta littafinsa a 1316. Sai dai ku dubi yadda darasin ya zama daga baya. Shehun malami yana zaune can sama a kujera yana karanta littafi. Wanzami ne yake riƙe da wuƙa, domin a Turai ma, kamar a ƙasar Hausa, wanzami ne mai aski da ƙaho da tsaga. Mutum na uku yana nuni da sanda. In gawa ta saɓa da littafi, sai a ce gawar ce ba daidai ba.

Andariyas Besaliyus ne ya sauko daga kujerar. An haife shi a Burasal a 1514, ya zama malamin fiɗa a jami'ar Paduwa a 1537 yana ɗan shekara 22. Ya karɓi wuƙar da hannunsa, ya haɗa kwarangwal ɗin mutum da na biri, ya gane daga inda kurakuran Galen suka fito. A 1543 aka buga babban littafinsa kan ginin jikin ɗan Adam a birnin Bazel, da zane-zanen da har yau ake sha'awarsu. Muƙamuƙi ƙashi ɗaya ne, ƙashin ƙirji gaɓa uku. Da ya zo kan haƙarƙari, sai ya taɓo camfin da ya bazu cikin jama'a, wanda ba Galen ne ya kawo shi ba, masu karanta Farawa ne. Ya ƙirga: 12 a dama, 12 a hagu, 24 ke nan, ga namiji da mace duka. Bai ƙaryata Musa ba. Hujjarsa ita ce, ko da ƙashin Adamu ya ragu da ɗaya, wannan bai sa 'ya'yansa su gaji raguwar ba.

Wannan hujja ba ta bukatar mu je Italiya. Shekaru nawa ake yi wa 'ya'ya maza kaciya, tun daga Ibrahim? Har yau ba a haifi zuriyar da ta huta da wanzami ba. Uba mai tsaga a kumatu yakan haifi ɗa da fuska sumul. Abin da wuƙa ta cire wa uba ba ya shiga irin da yake ba ɗansa. Akan sami mutane ƙalilan da aka haifa da ƙarin ƙashi ɗaya a gindin wuya, amma wannan yana faruwa ga maza da mata.

Wanda ya fi tsananta wa Besaliyus ba limamin ikkilisiya ba ne, tsohon malaminsa ne na Paris, Yakobus Silbiyus. Da hujja ta ƙare masa, sai ya ce Galen bai yi kuskure ba, jikin mutane ne ya sāke tun bayan zamaninsa. Muna dariya, amma mun san halin. Ya fi sauƙi mu ce duniya ta lalace da mu ce malaminmu ya yi kuskure. A Witinbag kuwa, Filibus Melankton, abokin aikin Martin Luta, ya sabunta littafinsa na koyarwa kan rai da jiki bisa binciken Besaliyus, ɗaliban da za su zama fastoci ma suka karanta shi. A ganinsa, wanda ya san yadda aka gina jiki zai ƙara girmama Maginin. Muna ganin shi ne ya kama hanya.

To, me nassin yake faɗa? Ku koma ku karanta da kanku. Bai ƙirga ƙasusuwan kowa ba, bai kuma ce komai kan na 'ya'yan Adamu ba. Mu ne muka ƙara. Kalmar Ibrananci da aka fassara da haƙarƙari ita ce tsela, a Littafin Fitowa kuwa ita ce ake amfani da ita don gefen akwatin alkawari da gefen alfarwar sujada. Shi ya sa wasu masana suke ganin gefen mutumin ake nufi gaba ɗaya. Ko wace fassara muka bi, inda labarin ya nufa shi ne mace da namiji jiki guda ne, asali guda, wannan kuwa ya ishi wa'azin aure ba tare da ƙarin gishiri ba. Yana da nauyi ma ga mijin da yake ɗaukar matarsa kamar rarar abin da aka cire masa.

A shekarar da littafinsa ya fito, Besaliyus ya feɗe gawar wani da aka yanke wa hukuncin kisa a Bazel, ya harhaɗa ƙasusuwan, ya bar wa jami'ar garin. Kwarangwal ɗin yana nan har yau a gidan adana kayan tarihinta. Mu da ba za mu kai can ba, a darasi mai zuwa za mu roƙi wani ma'aikacin asibiti daga cikin ikkilisiyarmu ya zo mana da hoton ƙirji biyu, na namiji da na mace, ba tare da suna ba. Kowa zai ƙirga, sa'an nan ya gaya mana wanne ne na wa.