Karatun ilimin halayyar ɗan Adam daga nesa: abin da yake bayarwa da inda ya tsaya

A shekarar 2021 kaɗai, 'yan bindiga sun sace ɗalibai a ƙananan hukumomi uku da ke maƙwabtaka da juna a yammacin jihar Zamfara. A ranar 26 ga Fabrairu an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandare ta Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka far wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai 15 da ma'aikata huɗu, kana a ranar 1 ga Satumba aka sace ɗalibai 73 a garin Kaya na ƙaramar hukumar Maradun.

Sakin irin waɗannan yara ba shi ne ƙarshen lamarin ba. Firgita cikin barci, da tsoron komawa aji, da yawan shiru, abubuwa ne da kan daɗe tare da wanda ya shiga irin wannan hali. Kula da su aikin masanin halayyar ɗan Adam ne, wanda ke magani ta hanyar gwaji da tattaunawa, saɓanin likitan ƙwaƙwalwa da ke rubuta magani. Dukkansu biyun sun yi ƙaranci a Najeriya, kuma akasarinsu suna manyan birane.

Wannan ne ya sa hankali ke komawa ga malaman makaranta da ma'aikatan jinya da ke zaune a garuruwan, waɗanda suka san harshe da al'adar jama'a, amma ba za su iya barin aiki da iyali su tafi jami'a na tsawon shekara biyu ba.

Asalin tsarin

Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, wadda aka kafa a 1969, ita ce ta fito da martabar karatu daga gida a duniya. A Najeriya gwamnatin Shehu Shagari ta kafa irinta a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a farkon shekarun 2000 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta farfaɗo da ita. Jami'ar, wadda aka fi sani da NOUN, tana da cibiyar karatu a Gusau, kuma tana ba da digiri na biyu a fannin jagoranci da ba da shawara, wanda ke da kusanci da ilimin halayya duk da cewa ba ɗaya suke ba.

Inda gizo ke saƙar

Rabin wannan ilimi ana iya ɗaukarsa daga littafi da kwamfuta: yadda tunanin yaro ke girma, da rabe-raben cututtukan ƙwaƙwalwa, da lissafin bincike, da ƙa'idojin riƙe sirrin mara lafiya. A nan karatun nesa ba ya gaza na cikin aji, muddin ɗalibi ya tsaya da gaske.

Ɗaya rabin kuwa ba a koyonsa sai gaban mara lafiya, ƙarƙashin idon wani gwani. Sanin lokacin da za a yi tambaya da lokacin da za a yi shiru, da gane cewa yarinyar da ke cewa lafiyarta lau tana tunanin hallaka kanta, da sanin ranar da ya wajaba a tura mutum asibiti, duk sai an zauna an gani, an yi kuskure an sami mai gyarawa.

Shi ya sa ƙasashen da suka daɗe da tsara wannan sana'a suka ja layi. A Birtaniya mutum na iya yin digiri na biyu ta intanet, amma ba zai kira kansa masanin halayya na asibiti ba sai ya ƙara digirin digirgir na shekara uku mai haɗe da aiki a asibitoci, ya kuma yi rajista da hukumar kula da ma'aikatan lafiya. A Amurka ma ƙungiyar masana halayya ta ƙasar ba ta amincewa da horon asibiti da aka yi shi kacokan ta intanet.

Ga ɗalibin Talata Mafara ko Bakura, ma'anar wannan ita ce dole ya nemi wurin horo tun kafin ya biya kuɗin makaranta, kamar Asibitin Tarayya na Masu Larurar Ƙwaƙwalwa da ke Kware kusa da Sakkwato, ko na Barnawa a Kaduna. Makarantar da ba ta yi maganar wannan horo ba sam, takarda kawai take sayarwa.

Doka da takardar shaida

A 2022 an kafa dokar majalisar da ke kula da masu sana'ar ba da shawara, kana a watan Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce ke tantance kwasa-kwasan cikin gida, ma'aikatar ilimi ta tarayya kuma na tantance takardun ƙetare. A Janairun 2024 ma'aikatar ta dakatar da tantance digirin jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin 'yan makonni.

Akwai kuma matsalar da babu ita a takardun tallan jami'o'i. A watan Satumban 2021 hukumomi sun katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara na tsawon makonni domin yaƙi da 'yan bindiga, abin da ya yanke duk wani mai karatu ta intanet daga malamansa.

Batun addini

Wasu iyaye na ɗari-ɗari da fannin, suna ganin baƙon ilimi ne. Sai dai tun ƙarni na tara Abu Zaid al-Balkhi ya yi rubutu kan tsoro da baƙin ciki da waswasi da hanyoyin magance su. Shi ma Farfesa Malik Badri ɗan Sudan, wanda ya rasu a 2021, ya wallafa littafi a 1979 yana jan hankalin masana Musulmi kan ɗaukar ra'ayoyin Turawa irin na Freud ba tare da tacewa ba. Galibin manhajojin da ake samu ta intanet an rubuta su ne domin Turai da Amurka, alhali a Maradun mara lafiya kan fara zuwa wurin malami ko mai ruƙiyya kafin ya tuna da asibiti, kuma da Hausa ko Fulatanci zai bayyana damuwarsa.