Rahmatou Keïta

Rahmatou Keïta marubuciyar labarin fim ce kuma mai ba da umarni 'yar Nijar, haifaffiyar birnin Yamai. Ta yi karatun falsafa da ilimin harsuna a Paris, ta kuma yi aikin jarida a gidajen talabijin na Faransa kafin ta koma harkar silima.

Ta yi fice da fim ɗin Al'lèèssi na 2004, wanda ya bi rayuwar Zalika Souley, jarumar da ta yi tashe a farkon silimar Nijar amma daga baya ta faɗa cikin ƙunci bayan durƙushewar masana'antar. An nuna shi a bikin Cannes na 2005.

A 2016 ta fitar da Zin'naariyâ!, wanda ta rubuta kuma ta ba da umarni. Labarin Tiyaa ne, 'yar gidan sarautar Damagaram da ta dawo gida daga karatu a Faransa da begen masoyinta a zuciya. An shirya shi da harsunan ƙasa, har da Hausa da Zabarmanci. Shi ne fim na farko da Nijar ta aika gasar Oscar, a 2018.