Kwamfutar ofis: Abin da ke lalata ta, yadda ake gano matsalarta da hanyoyin tsare bayanan kasuwanci

A ofisoshi da shaguna da yawa ba a tunawa da kwamfuta sai ranar da ta ƙi kunnuwa. A ranar ce mai kamfani zai gane cewa lissafin bashin da yake bin mutane, da jadawalin albashin ma'aikata, da rasitan haraji na shekaru, duk suna cikin akwati guda da ke ƙarƙashin teburin akawu, kuma babu kwafinsu a ko'ina. Ita kwamfutar ana iya sayo wata a kasuwa cikin yini ɗaya. Bayanan da ke cikinta kuwa babu mai sayar da su, shi ya sa duk wata kulawa da gyara ya kamata su fara ne daga tsare bayanan.

Wutar lantarki

Illar wuta iri biyu ce. Idan aka ɗauke ta lokacin da kwamfuta ke rubuta fayil a faifai, fayil ɗin na iya lalacewa, wani lokacin har Windows ɗin kanta ta kasa tashi. Idan kuma aka dawo da ita da ƙarfin da ya zarce bolt 230 da aka tsara a Najeriya, ko aka juya layi zuwa janareta kafin ya daidaita, akwatin da ke rarraba wuta a cikin kwamfutar ne yakan ƙone, wani sa'in ya tafi da babban allon da sauran kayan ke kai.

Mutane kan haɗa sitabilaiza da UPS, alhali aikinsu daban ne. Sitabilaiza tana daidaita ƙarfin wuta, amma ba ta riƙe ta idan an ɗauke. UPS yana da batir da ke ba da 'yan mintoci, gwargwadon yadda ma'aikaci zai adana aikinsa ya kashe kwamfutar ta hanyar da ta dace. Batirin yakan yi shekara uku zuwa biyar a ɗaki mai sanyin da bai wuce digiri 25 ba, zafi kuwa yana rage masa kwana sosai. Don haka a riƙa gwada shi duk wata uku: a adana aiki, a kashe soket ɗin bango, a ga ko zai riƙe kwamfutar. Kada a jona firintar leza a kan UPS, domin wutar da take ja lokacin da take ɗumama kanta ta fi ƙarfin ƙananan UPS na ofis. A kuma sa mai aikin wuta ya tabbatar da wayar da ake binnewa a ƙasa, wadda suke kira atin, tana aiki. Da damina, idan hadari ya taso da tsawa, cire filogi da wayar intanet daga jikin kwamfuta ya fi kowace na'urar kariya.

Ƙura da zafi

Furosesa, wadda ita ce ke yin lissafin kwamfuta, tana fitar da zafi mai yawa. Idan zafinta ya doshi digiri 100 sai ta rage gudu da kanta, idan ya ci gaba kuma kwamfutar ta mutu ba sallama domin kada ta ƙone. Fanka da ƙarfen da ke zuƙe zafi su ne ke hana hakan, ƙura kuma ita ce ke toshe su.

A ƙasar Hausa lokutan biyu suna bin juna ne. Hunturu yana cika kwamfuta da ƙura daga Nuwamba zuwa wajen Maris, sannan bazara ta shigo da zafin da ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi. Kwamfutar da ta shiga bazara da ƙurar hunturu a cikinta ita ce ake ji fankarta na kuka, tana nauyi da rana tsaka, tana mutuwa da kanta. Lokacin da ya fi dacewa da sharar ciki shi ne ƙarshen hunturu.

A kashe ta, a cire wayar wuta, a fitar da ita waje, a buɗe murfin, a hura ƙurar da na'urar hura iska. A riƙe fankar da yatsa kada iskar ta juya ta fiye da ƙima, kuma kada tsumma mai jiƙa ya taɓa ciki. Busasshiyar iskar hunturu tana tara wa jiki 'yar wutar nan da ake ji idan an taɓa ƙarfe, kuma tana iya kashe ƙananan kayan ciki, don haka a fara taɓa ƙarfen akwatin kafin a kai hannu ga komai. A ɗaga kwamfutar tebur daga ƙasa, a bar mata fili ta baya. Laftof kuma kada a ɗora ta a kan kujerar kushin ko darduma, domin ta ƙasanta take shaƙar iska.

Faifan ajiya

Tsohon nau'in faifai yana da faranti da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata allura da ke karatu a samansa. Girgiza da faɗuwa da ɗaukewar wuta duk suna yi masa lahani. Alamomin mutuwarsa su ne ƙarar ƙyas-ƙyas, da daɗewa kafin fayil ya buɗe, da sandarewar kwamfuta a kai a kai. Sabon nau'in, wato SSD, ba shi da abin da ke motsi a cikinsa, ya fi sauri nesa ba kusa ba, sai dai shi idan zai mutu sau da yawa ba ya yin wata ƙara. Dukansu suna ɗauke da tsarin SMART da ke lura da lafiyarsu, kuma manhajar kyauta irin CrystalDiskInfo tana nuna rahoton cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Da zarar an ga alamar faifai na gazawa, abin yi na farko shi ne kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri. Sake ɗora Windows a kan faifan da ke mutuwa yana iya share abin da da ana iya cetowa.

Yadda ake bin diddigin matsala

Ƙwararren mai gyara yakan yi tambaya uku kafin ya ɗauki sukudireba. Yaushe matsalar ta fara? Me aka canza kafin nan, sabuwar manhaja ce, ko filashi aka jona, ko wuta aka ɗauke? Kwamfuta ɗaya ce abin ya shafa ko duk ofishin? Daga nan sai a fara da abu mafi sauƙi, kuma a riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, domin wanda ya canza uku tare ba zai san wanne ne ya yi maganin ba. Duk saƙon da ya fito a allo a ɗauki hotonsa da waya.

Idan ba ta kunnuwa sam, a duba soket da wayar wuta da UPS, a gwada wata wayar da aka san tana aiki. Idan fanka na juyawa amma allo baƙi ne, a duba wayar allon, a gwada wani allon, sannan a kashe wuta a cire sandar RAM a mayar da ita daidai.

Idan nauyi take yi, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe ya nuna abin da ya cika. Idan RAM ce ke cika, ƙari take so. Gigabayit 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa, aikin ofis na yau kuwa ya fi sakewa da 8. Idan tsohon faifai ne ke tsaye a kashi 100, sauya shi da SSD yakan farfaɗo da kwamfutar da aka riga aka fid da rai da ita. A kuma sani cewa a Windows 10 da 11 zaɓin Shut down yakan ajiye wani ɓangare na tsarin domin saurin tashi, Restart ne ke wanke komai ya faro daga farko.

Idan shuɗin allon nan ya fito, akwai sunan kuskuren a ƙasansa, shi ake nema. Idan ya fara ne bayan an jona sabuwar na'ura ko an ɗora manhaja, a shiga Safe Mode a cire ta. Idan kuwa yana zuwa ba tsari, a gwada RAM da Windows Memory Diagnostic, a kuma duba zafi. Kwamfutar da kwanan watanta ke komawa baya duk lokacin da aka kunna ta, har shafukan banki su ƙi buɗewa, ƙaramin batirin CR2032 da ke kan allon ciki ne ya ƙare, kuma kuɗinsa kaɗan ne.

A matsalar intanet ko firinta, tambaya ta uku ce ke raba gardama. Idan kowa abin ya shafa, laifin yana ga rauta ko firintar ko kamfanin sadarwa. Idan mutum ɗaya ne, a duba wayarsa da saitinsa.

Sabunta manhaja

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ranar 12 ga Mayun 2017 manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman fansar dala 300 kan kowace. A Ingila ta tsayar da aiki a asibitocin gwamnati da dama, aka ƙiyasta an soke ganin likita kusan 19,000. Ɓarakar da ta bi ta shiga kuwa kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun 14 ga Maris na shekarar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su ɗora gyaran ba.

Wannan darasi ya shafi duk ofishin da har yanzu ke kan Windows 10. Microsoft ya daina ba ta gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma sabuwar ɓarakar da aka gano ba za a toshe mata ba, sai in an shiga shirin ƙarin wa'adi, wanda ga kamfanoni ya fara daga dala 61 kan kowace kwamfuta a shekarar farko, yana ninkawa kowace shekara, har shekara uku. Komawa Windows 11 kuma yana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0, da furosesar da a ɓangaren Intel galibi ta kama daga zubi na takwas zuwa sama. Mai sayen kwamfutar hannu ya tambayi wannan kafin ya biya. Manhajar sata da ake ɗorawa a kan kuɗi kaɗan ita ma ƙofa ce, domin sau da yawa akan cusa mata muguwar manhaja.

Kwafin da ke gefe

A ranar 27 ga Yunin 2017 wata manhajar mai suna NotPetya ta durƙusar da Maersk, kamfanin jigilar kwantena na ƙasar Denmak. Shugaban hukumar gudanarwarsa na wancan lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya bayyana daga baya cewa sai da suka sake ɗora manhaja a kan kwamfutoci 45,000 da manyan kwamfutocin saba 4,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Kwafin rajistar da ke tantance masu shiga tsarin kamfanin ya tsira ne a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma, inda aka ɗauke wuta, sabar ba ta kan layi lokacin da harin ya zo. Sa'a ce ta cece su, amma abin da ta nuna a fili yake: kwafin da ba ya jone da komai shi ne harin ba ya kaiwa gare shi.

Ƙa'idar da masana suka saba bayarwa ita ce 3-2-1: kwafi uku na bayanan, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen ofis. Ga ƙaramin kamfani, wannan na nufin kwamfutar kanta, da faifan waje da ake jonawa a kwafa a cire a kulle, da ma'ajiyar intanet irin Google Drive ko OneDrive. Faifan da aka bari a jone dare da rana, wutar da ta ƙone kwamfutar ko manhajar da ta kulle ta za ta haɗa da shi. A kuma riƙa buɗe wasu fayiloli daga kwafin duk wata, domin a tabbatar yana karantuwa.

Kafin a miƙa ta ga mai gyara

A yi kwafi tukuna, a fita daga imel da shafukan banki, a rubuta lambar kwamfutar da girman RAM da faifanta a gaban mai gyaran, a kuma canza kalmar sirri bayan ta dawo. Idan an kulle faifan da BitLocker, a ajiye lambar buɗe shi mai alƙaluma 48 a takarda. Amfaninta ya fito a ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da kuskure a sabuntawar kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tsayar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5, kuma gyaran da yawansu ya buƙaci wannan lambar.

Akwai kuma doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, kuma idan suka fita ta hanyar da ka iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 da gano hakan. Tsohuwar kwamfutar da za a sayar ko a bayar kyauta, a goge faifanta da manhajar shafe bayanai ko a cire shi a lalata, domin jefa fayil a kwandon shara ba ya kawar da shi.

Duk wannan ba ya buƙatar sashen injiniyoyi. Ya isa a naɗa mutum ɗaya a ofis, a ba shi littafi da kowace kwamfuta ke da shafinta: ranar da aka saye ta, ranar da aka share ta, ranar da aka sauya batirin UPS, da ranar da aka yi kwafi na ƙarshe. Mai kamfani kuma ya riƙa duba littafin duk ƙarshen wata, ranar da yake duba lissafin kuɗi.