Filayen Wasanni a Arewacin Birnin Kaduna

Doki ne ya fara shata filin wasa a Kaduna. Da Turawan mulki suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru wajen 1917, sai suka keɓe wani makeken fili a arewacin kogin Kaduna don sukuwa da ƙwallon dawaki. A nan sarakunan Arewa suka yi wa Sarauniya Elizabeth hawan daba a 1956, aka kuma sake tara dawaki a 1977 lokacin bikin FESTAC. Wannan fili shi ne Dandalin Murtala na yau, mai ɗauke da sunan shugaban ƙasar da aka kashe a 1976. 'Yan ƙwallon dawaki suna nan gefensa, inda ake fafatawa kan Kofin Georgian, amma da sanyin safiya masu motsa jiki ne ke cika shi.

Ƙwallon ƙafa ta samu gidanta a tsakiyar shekarun 1960, da aka gina Filin Wasa na Ahmadu Bello a kan titin Constitution. Ya karɓi gasar wasanni ta ƙasa a 1977 da 2009, da wasannin cin kofin duniya na matasa a 1999, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Akwai kuma ƙaramin filin Ranchers Bees, ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988.

Sai dai garin ya daɗe da fin ƙarfin babban filin nasa, mai cin mutum wajen 16,000. An ga haka ƙuru-ƙuru ranar 25 ga Maris 2016, da Najeriya ta karɓi baƙuncin Masar. An buɗe ƙofa kyauta, jama'a kuwa suka yi ambaliya. Wasu suka ɗare allon nuna sakamako, wasu suka maƙale can ƙololuwar turakun fitilu, kai ka ce jemagu ne a kan kuka. Etebo ya ci wa Najeriya, fili ya ɗauki sowa, ana dab da tashi Mohamed Salah ya farke wa Masar. Allah ya kiyaye, ba a yi turmutsitsi ba, amma hukumar ƙwallon Afirka ta ci Najeriya tara.