Watanni Ukun Farko: Tarihin Horar da Masu Aikin Sa-kai na Peace Corps

Duk matashin da ya shiga Peace Corps, hukumar gwamnatin Amurka mai tura masu aikin sa-kai ƙasashen waje, alkawarin wata 27 yake ɗauka: kimanin uku na horo, sai shekara biyu na aiki. A watanni ukun farko ɗan koyo ne kawai. Sai ya ci jarrabawar harshe, malamansa sun gamsu da lafiyarsa da halinsa, sannan a rantsar da shi a tura shi ƙauye. Cikin waɗannan watanni ne ake gane wanda zai iya zama da wanda zai tattara kayansa ya koma gida, kuma yadda ake tafiyar da su ya sauya ƙwarai tun daga 1961. Nijeriya da Nijar suna da hannu a wannan sauyi.

Birtaniya ce ta riga. A 1958 Alec Dickson da matarsa Mora suka kafa ƙungiyar VSO, wadda ta fara da tura samari masu gama sakandare. Dickson ya yi aikin horar da matasa a Man O' War Bay, a gaɓar tekun Kamaru, lokacin da yankin ke haɗe da mulkin Nijeriya. A shekarar ce kuma aka buga wani littafin ƙagaggen labari a Amurka, The Ugly American, wanda ya caccaki jami'an ƙasar da ke zama a ƙasashen mutane ba su jin harshen kowa, ba su shiga gidan kowa. Littafin ya yi tasiri a kan 'yan siyasa. Ranar 14 ga Oktoba 1960, da tsakar dare, John Kennedy yana neman shugabanci ya tambayi ɗaliban Jami'ar Michigan ko nawa ne a cikinsu za su yarda su je su yi aiki a wurare irin su Ghana. Ranar 1 ga Maris 1961 ya sa hannu a kan umarnin kafa hukumar, ya damƙa ta ga surukinsa Sargent Shriver, majalisa kuma ta mayar da ita doka a watan Satumba.

Matsalar da ta tsaya a gaban Shriver ita ce babu wanda ya san yadda ake shirya ɗan shekara ashirin da biyu ya zauna a ƙauyen da bai taɓa jin sunansa ba. Sai aka miƙa aikin ga jami'o'i. Ayarin farko na Ghana ya yi horonsa a Berkeley, na Nijeriya a Harvard, na Kolombiya a Rutgers. Tun da sassafe har dare ana aji: harshe, tarihin ƙasar da za a je, tarihin Amurka kanta, da darasi a kan kwaminisanci, domin zamanin yaƙin cacar baka ne kuma an san za a yi musu tambayoyi. Malamai kusan hamsin da suka sauka a Accra a ƙarshen watan Agusta 1961 sun tsaya a filin jirgi sun rera waƙa da harshen Twi. Lafazinsu bai kai ya kawo ba, amma gidan rediyon Ghana ya watsa, mutane kuma suka ji daɗin ganin Bature ya wahalar da bakinsa saboda su.

Bayan aji sai horon jiki. An buɗe sansanoni a dajin tsibirin Puerto Rico, kusa da Arecibo, aka sa musu sunayen Crozier da Radley, matasa biyu da suka rasu a hatsarin jirgin sama a Kolombiya a 1962, waɗanda su ne na farko da hukumar ta rasa. A can ana sa ɗan koyo hawan dutse, da sauka daga bangon madatsar ruwa da igiya, da iyo an ɗaure masa hannu da ƙafa, da kwana a daji shi kaɗai. A gefe kuma ga masana halayyar ɗan Adam suna bin kowa da takarda da alƙalami, har abokan horo ake sa su auna juna. Wanda aka ga bai dace ba, sai a kira shi a sallame shi, wani lokaci saura 'yan kwanaki a tashi. Wannan tsari ya bar ɗaci a zukatan mutane da yawa, kuma ya koya wa ɗan koyo ɓoye damuwarsa a daidai lokacin da ya kamata ya faɗe ta.

Abin da ya tona asirin wannan horo ya faru ne a Ibadan, a watan Oktoba 1961. Ayarin da ya gama Harvard yana ƙarasa horonsa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Wata budurwa daga cikinsu ta rubuta wa saurayinta katin gidan waya, irin wanda ba a sa shi a ambulan, tana cewa duk horon da aka ba su bai shirya su ga ƙazanta da talaucin da suka gani ba, inda mutane ke dafa abinci da biyan buƙata a bakin titi. Katin bai kai akwatin wasiƙa ba. Wani ya tsince shi, aka kwafa aka rarraba a makaranta, ɗalibai suka yi gangami suna kiran baƙin 'yan leƙen asiri, jaridun Nijeriya da na duniya suka ɗauka. Shekara ɗaya ke nan da samun 'yancin kai, ga kuma baƙuwar da aka ba masauki ta siffanta ƙasa da kalmomin da 'yan mulkin mallaka suka saba amfani da su; ba abin mamaki ba ne ran ɗaliban ya ɓaci. An fitar da budurwar daga ƙasar. Sauran suka zauna cikin ƙauracewa, har wani daga cikinsu ya daina cin abinci yana cewa ba zai ci ba sai tare da ɗaliban Nijeriya. Daga nan aka fara zama ana magana, wuta ta lafa.

Yarinyar ba ta yi ƙarya a kan ruɗewar da ta shiga ba, kuma masana sun riga sun san wannan hali. Kalervo Oberg, wani masanin al'adu, ya yi jawabi a kansa a Rio de Janeiro a 1954, aka buga bayaninsa a 1960. A cewarsa baƙo yakan fara da ɗoki, komai yana burge shi. Sai ya shiga ƙunci, yana ganin laifin masu masauki a kan abinci da tsafta da jinkiri. Sai ya fara jin harshe yana iya yin dariya. Daga ƙarshe ya saba. An karantar da wannan a aji a Amurka, amma gani ya kori ji. Wanda ya iya sauka daga madatsar ruwa da igiya yana iya kasa jure mako guda na zama a tsakar gida mutane ashirin suna kallonsa, ba ya gane ko kalma ɗaya.

Sannu a hankali hukumar ta gane haka. A 1966 masu aikin da 'yan koyo sun haura dubu 15, kuɗin jami'o'i ya yi yawa, waɗanda suka dawo daga ƙauyuka kuma suna ta cewa laccocin ba su amfane su ba. Na ɗan lokaci an gwada tsaka-tsaki: masu zuwa ƙasashen renon Faransa a kai su La Pocatière a lardin Quebec na Kanada su koyi Faransanci. Zuwa farkon shekarun 1970 mafi yawan horo ya koma ƙasashen da za a yi aikin, a hannun malamai 'yan ƙasa. Daga baya aka ƙara mataki, aka fitar da ɗan koyo daga ɗakin kwanan makaranta aka sa shi a gidan mutane.

Nijar ta ga wannan tsari a cikakkiyar siffarsa. Hukumar, wadda a can aka fi sani da sunanta na Faransanci, Corps de la Paix, ta shiga ƙasar a 1962 da 'yan malaman Ingilishi kaɗan, daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa noma da gandun daji da lafiyar mata da yara da yaƙi da jahilci. Cibiyar horon ta daɗe a Hamdallaye, wani gari mai nisan kimanin kilomita 30 daga Yamai a kan hanyar Filinge, a bisa wani tudu. A wancan lokaci ana raba sabbin zuwa kashi biyu: masu koyon Zabarmanci, waɗanda za a tura yankunan Doso da Tilaberi, da masu koyon Hausa, waɗanda za su nufi Ƙonni da Maraɗi da Damagaram. Tun kwanakin farko ake raba su ga iyalai, a raɗa wa kowa suna. Wadda ta zo da sunan Turanci sai ta wayi gari Hadiza ko Ramatu, kuma da wannan suna za ta amsa har shekara biyu.

A wannan gida ake koyon abin da ba ya cikin littafi. Uwar gida ce ke nuna wa baƙuwa yadda ake ɗaura zane bai kwance a kasuwa ba, da yadda ake gutsurar tuwo da hannun dama daga gabanta a cikin kwano ɗaya, da amfanin buta a bayan gida. Da dare a shimfiɗa katifa a waje, a ɗaura gidan sauro, a kwana ƙarƙashin sama tare da kukan jakuna da kiran asalatu. Likitan hukuma ya riga ya ba kowa matatar ruwa da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda a shekarun 1990 ya zama mefloquine, mai sa wasu munanan mafarkai. Duk da haka gudawa ba ta ƙyale kusan kowa ba. Zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40. Yara na bin mutum suna kiran anasara, anasara. Amma abin da ya fi gajiyar da yawancinsu shi ne rashin kaɗaici. Ba'amurke ya taso da ɗakinsa da ƙofarsa. A nan kuwa in ya shige ɗaki da rana ya rufe, sai a aiko yaro ya tambaya ko lafiya, domin wanda ya keɓe kansa ko dai ba shi da lafiya ko yana fushi. Gaisuwa ma darasi ce mai zaman kanta. Wanda ya saba da kalma ɗaya ya wuce dole ya koyi tsayawa: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina aiki, ya amsa kowace, ya mayar. In ya kawo kukan zafi ko jinkirin mota, amsar da zai ji ita ce sai hankuri, har shi ma ya koma faɗa wa na bayansa haka.

A tsakiyar horo akan kai ɗan koyo ya kwana biyu ko uku wurin wanda ya riga shi a ƙauye, ya ga rijiya da tafiyar ƙafa zuwa kasuwa da idonsa. A ƙarshe sai jarrabawar baka, malami ya zauna da shi suna hira har a ga inda harshensa ya tsaya. Waɗanda suka tsallake sukan ɗinka kaya iri ɗaya, a rantsar da su a Yamai. Ko bayan an kai mutum ƙauyensa, umarnin da ake ba shi shi ne kada ya fara wani aiki a watannin farko: ya zaga gida gida, ya je suna da biki da gaisuwar mutuwa, ya zauna wurin mai gari, ya saurara.

Wannan umarni amsa ce ga wani zargi mai ƙarfi da aka daɗe ana yi, cewa me ɗan birni mai digirin tarihi zai koya wa manomin da kakanninsa suka noma gero a jigawa shekaru aru-aru? Zargin yana da gaskiya, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi aikin sun yarda cewa abin da suka karɓa ya fi wanda suka bayar. Harshen Hausa kansa shaida ne. Paul Newman yana cikin ayarin farko na Nijeriya a 1961, ya koyar a Maiduguri, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masana Hausa, mai babban littafin nahawun da ya fito a 2000. Russell Schuh ya yi aikin yaƙi da jahilci a Nijar a tsakiyar shekarun 1960, ya ƙare malami a Jami'ar California da ke Los Angeles, inda ya koyar da Hausa, ya rasu a 2016. Sunayen irin waɗannan suna cikin littattafai. Na malaman harshe na Hamdallaye, da matan da suka dafa wa baƙi ayari bayan ayari suna gyara musu lafazi da haƙuri, kusan babu inda aka rubuta su, alhali a hannunsu ainihin horon ya kasance.

A Nijeriya aikin bai yi tsawon rai ba. Yaƙin basasa na 1967 ya sa aka kwashe waɗanda ke Gabas, adadin ya yi ta raguwa har aka rufe a shekarun 1970. An dawo a farkon shekarun 1990 na ɗan lokaci, aka sake tafiya. A tsakanin nan Nijeriya ta kafa nata shirin a 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida, wato Technical Aid Corps, mai tura likitoci da malamai da injiniyoyi ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na shekara biyu, inda su ma suke ɗanɗana baƙunci. Nijar kuwa ta riƙe baƙinta kusan shekara 49 ba yankewa. A watan Janairu 2011, bayan sace wasu Faransawa biyu a wani gidan abinci a Yamai da kashe su, hukumar ta kwashe mutanenta kusan ɗari zuwa Maroko, cikinsu har da waɗanda ba su daɗe da gama horo ba. Fiye da Amurkawa dubu uku ne suka yi aikin sa-kai a Nijar kafin wannan rana.