Neman Natsuwa a Ƙasar Uraniyom: Halwar Abzin da Hikimar Tao a Ma'aunin Tarihi

1. Gabatarwa

Littattafan da ke koya wa mutum yadda zai sami kwanciyar hankali ta hanyar hikimar Tao ta ƙasar Sin sun yawaita a kasuwannin Turai da Amurka. Galibinsu suna ɗaukar natsuwa a matsayin sha'anin mutum shi kaɗai, ba ruwanta da inda yake zaune ko sana'ar da yake ci da ita. A cikin wannan maƙala za mu auna wannan ra'ayi da tarihin ƙasar Abzin, musamman Cirozerin da Arlit da Akokan. Abin da muke son nunawa shi ne, a Sin da Abzin duka, koyarwar natsuwa ta taso ne a lokacin tashin hankali, kuma ba ta taɓa rabuwa da batun aiki da na mulki ba.

2. Asalin koyarwar Tao

Littafin Tao Te Cing, wanda ake jingina wa Lawo Tse, yana da babi 81. Masana suna danganta tattara shi da zamanin Dauloli Masu Yaƙi, tsakanin shekara ta 475 da ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da sarakunan Sin ke ta cin ƙasashen juna. Jigonsa shi ne wu wei, wato yin aiki ba tare da tilasta wa al'amura ba, kamar yadda ruwa ke bin gangare amma yana cin dutse. Sashe mai yawa na littafin nasiha ce ga masu mulki a kan su rage haraji da yaƙi da yawan dokoki. Haka kuma a littafin Cuwang Tse akwai labarin wani mahauci da ya shekara 19 da wuƙa ɗaya ba ta dakushe ba, domin yana bin gaɓa, ba ya saran ƙashi. Ke nan a cikin sana'arsa ya sami natsuwa.

Masanin nan ɗan Japan, Toshihiko Izutsu, ya kwatanta waɗannan littattafai biyu da tunanin Ibn Arabi. Mu a nan ba aƙida muke kwatantawa ba, domin tauhidi da wahayi sun raba hanyoyin biyu tun daga tushe. Yanayin tarihi kaɗai muke dubawa.

3. Halwa a Abzin

A ƙarni na 16 wani shehi mai suna Sidi Mahmud al-Bagdadi ya bayyana a duwatsun Abzin, yana koya wa mutane zikiri da halwa, wato keɓewa domin ibada da horar da zuciya. Littafin Ƙudwa na Shehu Ahmad al-Sadiƙ, wanda aka rubuta a ƙarni na 17, ya adana koyarwarsa, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace shi a cikin Infaƙul Maisuri. Bisa ga waɗannan ruwayoyi, malaman fada sun kai ƙararsa wajen Sarkin Agadas, aka kashe shi a Agalanga. Wannan ya nuna mana cewa mai halwa, ko da bai ɗauki takobi ba, yana iya zama abin tsoro ga masu iko, tun da ya tara mutanen da ba su neman kome a fada.

Sai kuma abin da ya biyo bayan yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917. Sojojin Faransa sun kashe malamai da dama a Agadas, sun ƙwace dabbobi, sun tashi mutane daga garuruwan dutse. A kan wannan kufai ne Malam Musa Abatul, wanda ya rasu a 1959, ya raya ɗariƙar Halwatiyya a yankin Tabelot. Kamar yadda binciken Jean-Louis Triaud ya nuna, malamin ya haɗa wuridi da karatu da noman garka. Almajiransa sun sami natsuwa a bakin rijiya, suna ban ruwa, suna ci da guminsu.

4. Zamanin jiniya

An gano uraniyom a Azelik a 1957. Aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da ƙarfe a Arlit a 1971. COMINAK ya biyo baya a 1974, ya fara aiki a ƙarƙashin ƙasa a Akuta a 1978, garin Akokan ya tashi saboda shi. SONICHAR kuwa, da aka kafa a 1975, yana haƙar gawayin ƙasa a Anu Araren kusa da Cirozerin domin bai wa ma'adinan wutar lantarki.

Wannan sabon tsari ya canza ma'aunin lokaci. Makiyayi da mai garka suna auna yini da rana da lokutan salla, lebura kuwa jiniya da aikin karɓa-karɓa ke raba masa dare da rana. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 ya koro waɗanda suka rasa garkensu, suka kafa unguwannin da ake kira Bukkoki a gefen gidajen ma'aikata. Faɗuwar farashin uraniyom a farkon shekarun 1980 ta kawo rage ma'aikata, tawayen 1990 zuwa 1995 ya ƙara zaman ɗarɗar. A ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, kimanin ma'aikata 600 suka rasa aiki, aka bar tarin dusar ma'adini mai guba a bayan gari. A 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa.

5. Kammalawa

Tambayar da wannan tarihi ya ajiye mana ita ce: me ake nufi idan aka ce wa wanda aka sallama daga rami, ko matar da ke tsoron ruwan da ƴaƴanta ke sha, su nemi kwanciyar hankali? Hausawa na cewa mahaƙurci mawadaci, amma kuma sun san haƙurin kaya sai jaki. Idan natsuwa na nufin yin shiru, to mai ma'adini ne ya ci ribarta. Tarihin da muka bi bai goyi bayan wannan fassara ba. Lawo Tse ya yi wa sarakuna gargaɗi, Sidi Mahmud ya rasa ransa, Malam Musa ya mayar da kufai garka.

Abin lura ne cewa ƙungiyar da mazauna Arlit suka kafa a farkon shekarun 2000 domin bin kadin lafiyar jama'a da muhalli sunanta Aghir In'Man, wato garkuwar rai a harshen Tamajak. Muna ganin ya kamata ɗalibanmu su tattara tarihin baka na tsofaffin leburori, su tambaye su yadda suka riƙa haɗa wuridi da aikin dare, tun waɗanda suka fara shiga ramin Akuta a 1978 suna da rai.